Kofin Bakin Ƙofa

Daren da za mu kashe wasan,
iskar Jidda ta yi nauyi kamar zanen da bai bushe ba.
Mu huɗu muka rage a hawa na uku, a Hindawiyya.
Na'urar sanyaya ɗaki tana tari,
gurasa ta sandare a leda, ba wanda ya kalli wake.

Shekara bakwai ina zana raƙuma.
Sawun Gabas muka raɗa wa wasan:
ka taso daga Kano da jaki ɗaya da salka,
ka ratsa Chadi, ka tsinci auduga a Jazira don kuɗin jirgi,
in ka kai Sawakin da ranka, ka ga teku.
Riyal sha biyar a wata.
Da fari dubbai suka biya, daga baya ɗaruruwa,
a ƙarshe hayar uwar garke ta cinye garken.

Babikir ya ce mu buɗe shi.
Rubutun manhajar duka, layi bayan layi,
da zane, da sauti,
har kukan igiyar guga da ya naɗo a rijiyar garinsu.
Kowa ya ɗauka, ya gyara, ya rarraba.
Sharaɗin lasisin guda ne:
wanda ya karɓa a buɗe, ya miƙa a buɗe.

Na ce, da raƙumana?
Na ce, tsohuwar nan mai gyaɗa a zango na tara
fuskar kakata ce, har tsagar kumatu.
Wata uku na yi kafin na kamo yadda take ɗaure goshi
in an taya mata kaya da arha.
In ba da ita ga wanda bai san sunanta ba?

Mudassir bai ɗago daga allo ba.
"To ƙarfe sha biyu sai ta sake rasuwa,
mu binne ta a faifai, cikin aljihun tebur."

Na sauko titi.
A ƙofar maƙwabcinmu akwai tankin ruwan sanyi,
da kofi ɗaure da sarƙa,
da sunan mamacin da aka kafa shi dominsa.
Wani ɗan aike ya faka babur, ya sha biyu,
ya zuba na uku a ƙeya, ya wuce.
Bai karanta sunan ba.
Ruwan kuwa bai fasa sanyi ba.

Na hau. Ni na danna, da ɗan yatsan da nake shafe kuskure.

Ba zan yi ƙarya ba:
cikin mako guda wani ya sa wa raƙumina tabarau,
wani, ban san a wace ƙasa ba,
yana buga shi a riguna, ko sallama babu.
Na kwana biyu ina cizon leɓe.
Yanzu hoton shawarma nake zanawa wani gidan abinci,
shi ke biyan haya.

Sai ga saƙo daga Maiurno, ana gab da azumi.
Ummu Salama, shekara sha biyar, da wayar yayanta.
Ta ce, ku yi haƙuri, kwale-kwalenku ba na koginmu ba ne,
hancin namu ya fi tashi. Ga shi na gyara.
Ta ce, mun rage masa nauyi, yana tafiya ko layi ya yi rauni,
in an ɗauke wuta mukan taru a kan waya ɗaya.

Na buɗe zango na tara.
Wani tsoho mai dungun yatsa, da bai fito daga hannuna ba,
yana zaune gefen faifan gyaɗa yana gyaran takalmi.
Kafaɗarsa ta karkace, inuwarsa ta faɗi ta inda bai kamata ba.
Na kai hannu zan daidaita. Na fasa.

Ta ce, kakana ne, a hanya ya tsaya bai ƙarasa ba.
Ita wannan tsohuwar fa, tana da suna?

Ladanin masallacin ƙasa ya gyara murya.
Na rubuta: Tabawa.
Na ƙara: kada ki taya mata da arha.